Lambar da Suka Ɗora wa Sjoerd

Sun yi ƙarya da lamba, suka bar Sjoerd Wiersma da kunyar.

Shekara goma sha huɗu yana riƙe da reshe na biyu na wata manhaja ta kyauta, wadda injinan sanyaya madara a gonakin Friesland, can ƙasar Holan, ke jingina da ita. Mai gyaran lantarki ne. Ya taso aiki, ya ci dankalinsa, ya zauna yi wa manhajar faci. Matasa suna can suna gina sabon reshe, shi yana ɗebo gyara ɗaya-ɗaya yana liƙa wa tsohon.

"Kai da wannan reshen, wa zai binne wani?" in ji matarsa Aukje.

"Ke dai zubo kofi, uwar surutu."

Lamba uku ke jikin kowace siga. In ta farko ta canja, an rushe an sake gini, a yi hattara. Ta tsakiya ƙari ne. Ta ƙarshe kuwa alkawari ce: ɗinki kawai aka yi, ɗauki ido rufe. Ko sau ɗaya Sjoerd bai saɓa ba. Shi ya sa manoma suka bar injinansu suna ɗaukar duk abin da ya fito da sunansa, ba tambaya.

A watan Maris aka kwantar da Sjoerd a asibiti, za a yi masa aikin ƙugu. Jelmer, shugaban masu gina manhajar, ya sauya yadda ake karanta sanyin tanki, ya cusa a reshen Sjoerd. Abin da ya kamata a kira 3.0.0 ya kira shi 2.9.4, wai kada mutane su tsorata su ƙi ɗauka. Wasu huɗu cikinsu suka sa hannu, sanarwar ta fita da sunan mai reshe, kamar kullum.

Injina suka ɗauka, sanyi ya rikice. Gona tara suka zubar da madarar kwana biyu.

Douwe, ɗaya daga cikin manoman, wanda suka yi firamare tare, ya bugo masa har gadon asibiti. "Sjoerd, kai ne ka ce min lambar ƙarshe ba ta cizo." Ya kashe wayar. Bai ƙara kira ba.

Da Sjoerd ya nemi Jelmer, dariya Jelmer ya yi masa. "Haba tsoho, lamba ce fa! Wa ke karanta ta?"

"Don ba a karantawa ne ba a wasa da ita, yaro."

Washegari su Jelmer suka karɓe izininsa na taɓa manhajar, wai ya huta.

Yanzu yana zaune bakin taga da sandarsa. Bai buɗe kwamfuta ba tun da ya dawo. Ran kasuwa sai Aukje ta je ita kaɗai, don ya ce ba zai iya haɗa ido da Douwe ba.

Jelmer, da ku huɗun da kuka sa hannu: ku janye 2.9.4. Ku rubuta a shafin farko na manhajar wanda ya yi ta, da cikakken sunansa. Sannan ɗayanku ya hau mota ya je gonar Douwe, ya tsaya a ƙofar garke, ya gaya masa da baki cewa ba Sjoerd ba ne.