Ido Shida a Cikin Kwalba

Shekarar da nake koyon aikin koyarwa a wata firamare a Kawo, a tsakiyar shekarun saba'in, aka ce sufeto zai zo ya ga darasina. In ya gamsu in sami takardar shaida, in bai gamsu ba in maimaita shekara. Darasin a kan gizo-gizo ne, ni kuma na ƙudura ba zan tsaya zane a allo ba, mai rai zan kai.

Kwana biyu ina leƙen rufin ɗakuna, amma uwata ba ta wasa da tsintsiya, ko zaren yana ba ta bari ba. Tsohuwar da ke sayar da itace a ƙofar gidanmu ta ji labari, ta yi ta dariya.

"Malama, sama kike nema? Akwai wanda ba ruwansa da sama. Zo ki gani."

Ta ture wani fasasshen tulu a gindin itacenta. Ga shi nan lafe a busasshiyar ƙasa, launinsu ɗaya, ƙafafu sirara, da 'yar yana a cukurkuɗe kamar tsohuwar auduga. A bayansa akwai zane kamar goge. Ta ce da rana ɓuya yake yi, sai duhu ya shiga yake fita farautar ƙwari. Ba ya neman mutum da faɗa, amma in aka danne shi cikin tsumma, cizonsa gyambo ne. Da kara muka tura shi cikin kwalba.

Wani mai gyaran agogo a unguwarmu ya ara mini gilashinsa na duba ƙananan abubuwa. Na ƙirga idanun, shida, bibbiyu wuri uku. Littafinmu kuwa takwas ya ce. Sai dai ni ma da taurin kaina.

Ranar darasi na gaya wa yara abin da na gani. Sufeto ya ɗago kai daga bayan aji.

"Malama, wato littafi ne ya yi ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, ga kwalba, ga gilashi."

Ya maƙala gilashin a ido, ya durƙusa da babbar rigarsa, yana ƙirgawa a fili, yara suna amsawa. Sau uku ya ƙirga. A na uku ya fashe da dariya, ya ce su yi layi kowa ya gani. Har aka kaɗa ƙararrawa bai koma kujerarsa ba.

A tsaye ya sa hannu a takardata. Murna kamar ta kashe ni. Da la'asar na mai da gizo-gizon gindin itace, tsohuwa ta kife masa tulunsa.