Waƙar da Harlan Ya Sa wa Matarsa a Rediyo

Harlan Dubek ba mai surutu ba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe ta garinsu a Ohio, da aka rufe ta ya koma gyaran injin yankan ciyawa a garejinsa. Matarsa Maxine takan ce in ka ji Harlan ya jera magana biyu, to guduma ce ta sami yatsarsa. Abu ɗaya ne ba a taɓa masa: rediyon da ke kan kanta a gareji, kullum yana tashar tsofaffin waƙoƙi. Irin na zamanin da mawaƙi ke cin kwat ya tsaya gaban masu busa, da waɗanda aka ɗauko daga wasannin dandali. Jikokinsa suna cewa kiɗan ɗakin jiran likita ne. Ko kallo ba su ishe shi ba.

Duk Lahadi bayan coci, Buddy mai gabatar da shiri a tashar yana buɗe layi. Tsofaffi su kira, kowa ya ce a sa wa matarsa waƙarsu, wato wadda suka fara rawa da ita ranar biki. A garin nan ana sanin waƙar ma'aurata kamar yadda ake sanin motarsu. Harlan bai taɓa kira ba.

Da aurensu ya cika shekara hamsin, abokinsa Gus ya sa shi gaba a shagon kofi.

"Kai dai ka ji kunya, tsohon banza. Shekara hamsin mace tana wanke maka baƙin mai, ko waƙa ɗaya ba ka taɓa sa mata ba? Ni da ban iya soyayya ba ma ina kira."

"Ta san ina nan," in ji Harlan.

"Firij ma yana nan. Ka kira!"

Ranar Lahadi ya shiga gareji ya rufe ƙofa, ya kira. Buddy ya ce, "Jama'a, yau duniya za ta tashi, Harlan Dubek ne a layi! Wace ce waƙarku da Maxine?"

Harlan bai ko tsaya tunani ba. Ya faɗi wadda ta zo bakinsa, wata mai sanyi, mai busa a hankali, wadda duk aka sa ta sai ya ajiye sufana ya yi shiru. Buddy ba haifaffen garin ba ne, bai san tsohon labari ba. Ya sa ta, har da ƙarin gishiri: "Daga Harlan zuwa ga wadda bai taɓa mantawa da ita ba."

Harlan ya fito yana jin kansa, ya leƙa kicin. Maxine tana tsaye gaban tukunya, rediyon kicin a kunne. Ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu ta kashe, ta ce, "Abinci ya yi." Suka zauna cin abinci. Waya ta yi ta ƙara, ba ta ɗauka ba.

Sai washegari ya gane. Yana tura ƙofar shagon kofi Gus ya daka tsalle.

"Ga angon Verna! A ba shi kujera!"

Shago ya ɗauki dariya. Harlan ya tsaya da hula a hannu.

"Wace Verna?"

"Au, wace Verna? Verna Stoltz mai sayar da kek a coci, wadda ka sa wa zobe kafin Maxine ta san kana duniya! Da waƙar nan kuka ci gasar rawa a zauren 'yan kwana-kwana, ina wurin, ni na riƙe maka kwat. Duk mai furfura a garin nan ya san waƙarku ce."

Harlan ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi har wuya. Bai sha kofin ba. Ya koma mota ya zauna, ya kama sitiyari da hannu biyu. Gaskiya Gus ya faɗa. Sai ya ce ba komai, zai sake kira ya gyara, ya sa ta gaskiyar. Nan ne abin ya ƙara kwaɓewa: ya yi ta laluben kansa, ya tuna farar rigar Maxine, ya tuna ruwan da aka yi, ya tuna kek, amma waƙa babu. Kwana da kwanaki yana gareji, duk wadda aka sa sai ya kasa kunne ko ita ce. Maxine kuwa tana ba shi abinci, tana goge masa riga, amma ta daina kallon fuskarsa. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar Asabar ya gaji, ya same ta tana feraye dankali.

"Maxine."

"Ina ji."

"Tamu… wace ce?"

Ta ajiye wuƙar. "Ba mu da ita, Harlan."

"Kamar yaya?"

"Ƙarfe ya faɗo maka a ƙafa ana saura kwanaki biki, ka manta? Ƙafarka a ɗaure cikin simintin asibiti, kana zaune kana cin kek. Da babana na yi rawa, sai ƙaninka, ya tattaka min takalmi. Ka ce in ka warke za mu rama. Ka warke."

Harlan ya ja kujera ya zauna.

"Kuma kar ka ɗauka yau na sani," in ji ta. "Kicin ɗin nan bango ɗaya ne da gareji. Duk aka sa waƙar nan sai in ji guduma ta tsaya. Ban taɓa ce maka komai ba, don tsakanina da bango ne. Yanzu ka kai shi rediyo. Ka san me ya fi ci min rai? Verna ta kira ni. Ta ba ni haƙuri. Ni, Verna ta ba ni haƙuri!"

"Zan kira Buddy gobe, in ce…"

"Ba za ka kira kowa ba. Sau ɗaya ka buɗe baki ga abin da ya jawo."

Da safe ya ce cikinsa na ciwo, ba zai je coci ba. Maxine ta jefo masa tayen wuyansa a cinya. "Tashi. Ba zan shiga ni kaɗai a ce yaji na yi ba."

Bayan an tashi, jama'a suka gangara zauren ƙasa wurin shayi. Teburin Verna na bakin ƙofa, ba hanyar kaucewa. Hira ta yi ƙasa, kowa ya shiga juya cokali a kofi yana satar kallo. Harlan ya so ya bi ta bayan Gus ya sulale. Maxine ta cafke hannunsa, ta ja shi har gaban teburin.

"Verna, sannu da aiki. Mijina zai saya min na tuffa. Babban."

Verna ta naɗe kek ɗin, idonta a ƙasa. Harlan ya karɓa, kansa a sunkuye.

"Ɗaga kanka," Maxine ta ce masa ƙasa-ƙasa, tana yi wa mutane murmushi. "Ni aka yi wa, ba kai ba."

Ya ɗaga. Haka ta bi da shi tebur-tebur, a hankali, tana gaisawa da kowa, har suka kai ƙofa.