Ruwan Ikko Yana Hanya

Bawa na Dodoru sau ɗaya ya ga teku, kuma ganin nan ya ishe shi har ƙarshen rayuwarsa. Manomi ne kamar ubansa, yana da gonar maiwa a bayan gari da bijimin huɗa guda. Kafin nan tafiyarsa mafi nisa ita ce Kalgo, wurin taubashinsa Sambo masunci, wanda ya nuna masa gulbi ya ce masa iyakar ruwan duniya ke nan.

A farkon shekarun tamanin wani dillalin albasa ya nemi mai rakiyar kaya zuwa Ikko, Bawa ya haye saman buhuna. Suka bi Jega da Yawuri da Kwantagora, suka ƙetare gadar Jabba, suka yi ta gangarawa kudu har ƙasa ta ƙare. Da aka sauke kaya, direba ya kai shi bakin teku ya ba idonsa abinci. Bawa ya tuɓe takalmi kamar mai shiga masallaci. Ruwa ne ba gaci, yana tasowa ya faɗi ya koma, ba wanda ke tura shi, kuma ba ya gajiya. Ya ɗiba ya ɗanɗana, ya ji gishiri. Yana tsaye sai ya ga hadari yana tashi daga cikin ruwan, baƙi ƙirin, ana gina shi hawa bisa hawa, har ya taho ya wuce ta kansu ya nufi arewa.

"Ai duk ruwan da kuke samu a gida, nan ake lodinsa," in ji direba. Ya faɗa ne yana ɓarar gyaɗa, bai ƙara tunawa ba. Bawa kuwa ya riƙe.

Sauran lissafin shi ya yi wa kansa. Duk abin da ya bar Ikko zuwa ƙasar Gwandu hanya ɗaya gare shi, kuma shi ya san ta, ya kwana a kanta. Da ya dawo ya sayi rediyo. Labarin gwamnati bai dame shi ba, ƙarshen labarai yake jira, inda ake faɗin yanayi. Mai karantawa kan fara da bakin teku, da ya gama nan sai Bawa ya kashe, don abin da za a ce game da arewa yana ganinsa da idonsa. In an ce ana ruwa a Ikko, sai ya fita dandali ya sanar: "An yi lodi." Da yake a tsakiyar damina duk wanda ya ce za a yi ruwa ba ya daɗewa cikin kunya, sunansa ya ɗan yi kyau.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke cikin Agusta, gero ya ƙone a tsaye. Maiwa, da yake mai jinkirin nuna ce, ta naɗe ganye ta yi shiru. Maƙwabta suka fara sare tasu ɗanya suna zuba wa dabbobi, su tsira da ko da abu ɗaya. Bijimin Bawa haƙarƙarinsa duk sun fito. In Bawa ya sare maiwar, sa zai rayu, rumbu ya zauna wayam. In ya bar ta ruwa bai zo ba, ya rasa duka biyun.

"Malam, ga lauje nan na wasa maka," in ji matarsa Inno, ta ajiye shi kusa da buzunsa.

A ranar ce rediyo ta ce hutun da ruwa kan yi a bakin teku ya kusa ƙarewa, ana sa ran mamako daga ƙarshen wata, masu jiragen kamun kifi su yi hattara. Bawa ya kashe rediyo, ya ɗauki lauje ya rataye a bango.

"An yi lodi, Inno. Babba."

"To shi bijimin mi za ya ci kafin a sauke?"

Bawa ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa. Da hantsi ya hau ya fara zare ciyawar jinka yana watsa wa bijimi. Sa ya shinshina, ya dubi mai shi, ya ci don ba yadda zai yi.

Ɗakin ya kai rabi a buɗe lokacin da Sambo ya iso daga Kalgo a keke, da ɗan busasshen kifi a ƙunshe. Ya ce gulbi ya koma kamar rariya, fadama kuma shanun makiyaya sun share ta, ba wurin kai sa. Sannan ya dubi rufin ya daɗe yana dubawa.

"Bawana, ina kayan naka sunka tsaya? Ko taya ta fashe a Jabba?"

"Kaya masu nauyi ba su gudu."

"Kai da ganin ruwa guda ka zan malamin sama. Tun kakanninmu hadari daga gabas yake fitowa. Ikko gabas take?"

"Motar Ikko ma ba ta faɗa wa gari kai tsaye, sai ta zagaya ta tasha. Kai da ba ka wuce Jega ba, mi ka sani?"

"Na san ɗaki da rufi," in ji Sambo, ya miƙa wa Inno kifin.

Ciyawar ɗaki ta ƙare, aka shiga ta zaure. Kullum da safe Inno kan sauko da lauje daga bango ta ajiye kusa da buzu, kullum kuma Bawa ya mayar. Ƙasan ganyen maiwa ya fara ja. Bawa da kansa ya soma zama a bakin gona, yana bin garuruwan hanya a zuci, yana neman inda kaya za su iya maƙalewa.

Wata la'asar cikin Satumba iska ta tsaya cik. Tsuntsaye suka yi tsit. Daga gabas wani baƙi ya taso, hawa bisa hawa, irin ginin nan da Bawa ya gani a kan teku, har ya rufe rabin sama. Ƙasa ta yi wani haske rawaya. Bawa ya miƙe a bakin gona, ya tuɓe takalmi. Iska ta zo ta kwantar da maiwa, tsawa ta bi ta, sannan ruwa ya sauko kamar an kife gulbi. Mutanen Dodoru suka gudu ɗaki. Bawa ba shi da ɗakin gudu, ya tsaya inda yake, ya tara tafin hannu ya kai baki.

Ba gishiri. Ko kaɗan.

Ya sake tarawa ya sake sha. Wannan ruwa da ya ɗanɗana a Ikko harshensa ya ƙi, an ɗauko shi an bi da shi duk wannan nisa a sama, ba buhu ba igiya, an tace shi a hanya, an sauke a kan maiwarsa daidai yadda za ta iya sha. Ya ce Subhanallahi a hankali.

A gida ya iske Inno tsaye a tsakar ɗaki, ruwa na zuba a kanta, ta kifa ƙwarya a kan rediyo.

"Kayanka sun iso, Malam," ta ce. "Har cikin ɗaki anka sauke."

Gefen gonar da ya riga ya ja bai farfaɗo ba, sauran ya yi kai. Sa ya rayu. Da kaka Sambo ya zo taya rufin ɗaki, ya ce ruwa daga gabas ya zo kamar yadda ya faɗa. Bawa bai musa ba. Yana miƙa masa damin ciyawa yana tambayarsa, shi da ya san ruwa, a wane gari ake sauke gishirin.