Ɗakin Maɓalli

Yayata tun muna yara ake ce mata Rediyo. Babanmu ne ya raɗa mata, ya ce ya duba ko'ina bai ga wajen kashewa ba. In ta ce maka ina kwana, ita za ta amsa, sannan ta gaya maka yadda ka kwana. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, direba ne marar magana, mu kuwa muka ce Allah Ya haɗa tukunya da murfinta. Shekara goma sha takwas ta yi tana koyar da labarin ƙasa a sakandaren da ke bayan shagona, kuma ko ina taka keken ɗinki ina jiyo muryarta ta taga tana lissafa koguna.

To, wannan baiwar Allah ita shugaban makaranta ya zaɓa ya tura kwas na mako shida, wai ta dawo ta zama mai sauraron ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. Da ta zo ta gaya mini, sai da na ajiye almakashi na yi dariya har da hawaye.

Na ce, "Yaya, sauraro fa kika ce? An ba kura ajiyar nama!"

Ta ce, "Ke dai tela ce, me kika sani?" Daga nan ta yi awa ɗaya tana yi mini bayanin amfanin yin shiru.

Ɗakin da aka ba ta tsohon sito ne, na tsintsiya da karyayyun kujeru. Ta share, ta sa labule, ta kafa allo a ƙofa da manyan haruffa: OFISHIN BA DA SHAWARA. Wata guda cur ko ƙuda bai leƙa ba. Yara suka sa wa wurin suna ɗakin masu taɓin hankali, wanda duk ya bi ta gefen ƙofar ma sai an yi masa ihu. Iyaye kuwa cewa suke, Allah Ya kiyaye, ɗana lafiyarsa ƙalau.

Ran nan sai ga ta a shagona, ko sallama ba ta gama ba ta hau bincike. Ta kwashe gwangwanin maɓallaina, da zare fari da shuɗi, da allura, da kwalin fil. Na ce ina za a kai mini kaya? Ta ce in yi shiru in gani. Washegari ta cire allon nan, ta hau gaban taron safe ta yi shela: duk wanda maɓallin rigarsa ya cire, kada ya yi ta yawo kamar mahaukaciya ta yi rainonsa, ya zo tsohon sito a ɗinke masa.

Ashe dabara ce. Babu mai yi wa yaro dariya don ya je ɗinkin maɓalli. Zai shigo ya zauna a gefenta kan benci, ba ido cikin ido ba, ya miƙo hannun riga. Ita kuma sai ta ɗebi fil uku ta maƙale a leɓe, don ta san halinta. Da fil a baki dai ba ka magana, sai "uhm". Tana ɗinki a hankali, yaro yana kallon allura, can sai ka ji magana ta fara fitowa da kanta: wanda ake dukan uwarsa a gida, wadda gabanta ke faɗuwa in ta ga takardar jarrabawa, wanda 'yan ajinsu suka sa a gaba.

Kafin zango ya ƙare, maɓallan makarantar nan suka kama zuba kamar ganye. Yara sun gane. Reza suke sa wa zaren su yanke. Mai ƙaramar magana ya cire ɗaya, mai babba ya cire uku. Shugaban makaranta har ya fara faɗa wai an cuce su a ɗinkin kayan makaranta, ni kuwa da na ɗinka rabinsu na haɗiye abina.

Kuma gaskiya ta yi aiki. In abu ya fi ƙarfinta, ba ta jin kunyar cewa ya fi ƙarfinta, za ta taka har gidan su yaron. A can ne take cire fil. Akwai wani bakanike da ya ce 'yarsa iskanci ne kawai ke damunta. Yaya ta zauna a garejinsa kan tsohuwar taya, ta tambaye shi ko in mota tana ƙara a ciki zaginta yake yi ko buɗewa. Ba ta tashi ba sai da ya wanke hannu ya bi su wajen likita. Sirrin yaro kuwa, duk surutunta, ko ni ba ta taɓa ba ni suna ɗaya ba. Wannan kam na sara mata.

Sai dai maganar da ta tara tun safe, a gida take sauke ta. Da can mijinta ke ɗauka. Bara ya kwanta ciwon kwana huɗu, ya tafi. Tun daga ranar Yaya ba ta bar shiru ya zauna a gidan nan ko na minti ɗaya ba. Tana shara tana magana, tana wanke-wanke tana magana. Muka ce kai, Yaya akwai ƙarfin hali.

Autarta, 'yar shekara goma sha shida, tana ajin ƙarshe a makarantar. Ita ce 'yar gaban goshin babanta, da shi suke zama a mota su yi shirunsu tare. Yarinyar ta rame ta yi zuru-zuru, muka ce karatu ne. Ta ce ita ba za ta zauna jarrabawa ba, ta gaji da makaranta, saura mako biyar. Yaya ta yi mata huɗubar da ta kai daga la'asar har aka kira magariba, ta ƙare da cewa, "Kuma dubi rigarki! 'Yar mai ɗinka wa duniya maɓalli ce ke yawo haka? Maza kai wa Innarki, ni na gaji."

Sau uku Auta tana kawo mini riga. Ni kuma hannuna da sauri, kafin ta zauna na gama na miƙa mata, har ina tsokanarta ko cin maɓallan take yi. A na huɗu ne rana ta hasko wajen, na duba da kyau. Zaren bai tsinke ba. An yanke shi ne, ƙal, daidai wa daida. Maɓalli biyar.

Na ɗago na dube ta, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Auta, tun yaushe?"

Ta ce, "Inna, a makaranta layi ne. A gida kuma Umma ba ta sa fil."

Wallahi sai da na ji kamar in mari kaina. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na ɗauki rigar na nufi gidan Yaya. Na same ta a tsakar gida tana shanya, tana faɗa da igiya. Tana ganina ta ɗora da labarin wata uwa da ba ta barin ɗanta ya buɗe baki. Laifi tudu ne. Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, don girman Allah ki yi mini shiru sau ɗaya a duniya, ki dubi zaren nan."

Ta karɓa tana harara. Ta duba na farko. Ta duba na biyu. Ta kai yatsa ta shafa inda aka yanke. Shekarata arba'in da ɗaya, ranar na fara ganin an kashe Rediyo.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko allura, ta jawo benci zuwa inuwa, ta matsa gefe ta bar wuri. Fil ɗin nan ba uku ta sa ba, ina jin sun kai shida. Auta, da ta biyo ni gidan ta shige ɗaki, ta fito sumui-sumui ta zauna. Ni na ja musu ƙofa, amma kafin in kai zaure na ji muryar yarinyar ta ce, "Umma, tun da Baba ya rasu ba ki taɓa kiran sunansa ba."

Maɓalli biyar ɗin nan sai da suka cinye sauran yinin. Daga baya suka je wajen likita tare, don Yaya ta ce wannan ma ya fi ƙarfinta. Auta ta zauna jarrabawa. Har yanzu akwai ranakun da take tashi babu daɗi, amma yanzu tana faɗa.

Kwana tara bayan nan ina tsaka da ɗinki, kaya sun yi mini yawa, sai ga Yaya a ƙofar shago. Ba labari, ba faɗa. Na ce yau kuma wa aka yi wa laifi? Ta zauna a gefena, ta buɗe tafin hannunta. Maɓallin hannun rigarta ne, zaren a yanke ƙal.

Ta ce, "Ke da shegen saurin nan naki. Don Allah kada ki yi sauri."

Na ɗauke ƙafa daga kan keke, na laluba kwalin fil.