Adireshin Yaya a Bakin Ƙofa

Bayan rasuwar Inna na tattara muryoyinta da muka ɗauka a waya, na zuba su a wata tsohuwar kwamfuta a shagona na Kakuri, na haɗa ta da intanet don 'yan'uwa su riƙa saurara. Duk wanda ya shigo, kwamfutar takan nuna mini adireshinsa, wasu lambobi ne da ke faɗin daga inda mutum ya taho.

Ta haka nake ganin Yaya. Ya yi fushi da gida ya tafi Fatakwal, ko gaisuwar mutuwa bai zo ba, waya kuwa ba ya ɗagawa. Amma kullum da hantsi lambobin ofishinsu sai sun bayyana. Sai in zuba tagumi ina kallon rufin tsohuwar masaƙar unguwarmu, in gan shi a raina zaune kusa da ruwan Fatakwal da ban taɓa gani ba, Inna tana ba shi labarin yadda ake daka daddawa. Iyakar abin da ya rage mini nasa ke nan.

Sai 'yar'uwarmu ta Kamazou ta tasa ni gaba, wai muryar Inna na yawo a hanya tsirara, kowa zai iya saurara. Gaskiyarta. Na naɗe hanyar da kariya yadda babu mai jin komai sai wanda ya shigo.

Muryar ta ɓoyu, adireshi ma ya bi ta. Allon fayau! Ana shigowa, amma ban san ko su wane ne ba. Wallahi har zagin kwamfutar na yi, ita da mai ba ni shawarar. Abinci ma ya fita raina.

Da na sake duba yadda na haɗa kariyar, ashe sai bayan na lulluɓe baƙo da ita nake tambayarsa daga ina yake. A bakin ƙofa ake karɓar adireshi, a adana, sannan a naɗe. Na gyara.

Hantsi ya yi, ga lambobin nan sun fito. Ban san lokacin da na danna kiransa ba, kuma ikon Allah, ya ɗaga.

“Yaya, ina kwana? Na ga ka shigo.”

Ina jiyo muryar Inna ƙasa-ƙasa a bayansa.

Can ya ce, “Auta, ashe duk kwanakin nan kina ganina?”