Daƙiƙa Shidan Anti Layi

Anti Layi muke ce mata a ofis, kuma ba ta taɓa musawa ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kotu kafin ta koyi rubuta manhaja, shi ya sa har gobe take kallon fayil kamar mutumin da ya shigo da takarda a hannu. A shafinmu na intanet, in mutum ya ɗora takardarsa, sai ta shiga layi can baya, inda ba mai gani, a juya ta zuwa irin wadda kowace waya za ta buɗe. Wannan layin shi ne aikin Anti. In fayil ya maƙale sai ka ji tana lallashinsa: "Haba kai kuwa, matsa mana, akwai mutane a bayanka."

Ni kuwa gaban shafi nake yi: maɓallai, launi, rubutu. Kayan aikina sun fi jariri rigima. In na sabunta ɗaya, uku su yi yaji, sai na wuni ina harhaɗa su daga farko. Anti takan leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ƙanena, yau ma gyaran kayan gyara ake yi?" Duk da haka ni ke kwashe yabo, don nawa ake gani.

Da za mu koma ƙaramin ofis, Oga ya ce dole a rage mutum ɗaya, don wurin ba zai ɗauke mu duka ba. A bakin ƙofa ya tambaye ni, "Wai ita Anti, me take yi ne takamaimai?" Maganar ta koma kunnenta. Sai ta duƙufa mako uku, shayinta yana hucewa a gefe, har juyin da ke cin daƙiƙa arba'in ya koma ƙasa da ɗaya.

Sai ƙorafi ya ɓarke. Mutane sun saba jira, da suka ga takarda ta fito kafin su ɗaga yatsa, suka ƙi yarda an yi komai. Wani bawan Allah ya ɗora takarda ɗaya sau tara, sannan ya rubuto cewa shafin ya lalace. Oga ya ce, "Anti, tun da kika taɓa abin nan ba mu huta ba."

Ni da dabarata, na sa wata 'yar da'ira mai juyawa, ƙarƙashinta na rubuta "Ana aiki a kan takardarka", na sa ta yi daƙiƙa shida kafin ta saki takardar da tuni Anti ta gama. Ƙorafi ya ɗauke ɗif. A taro Oga ya dafa kafaɗata ya ce da'irata ta ceci shafin. Na waiga na ga Anti tana saka kofinta da hoton 'ya'yanta a jaka. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ce, "Oga, ɗan zo ka ga wani abu." Na buɗe shafin gwaji, na kashe layin Anti, na ce ya ɗora takarda. Da'ira ta kama juyi. Oga ya gyaɗa kai. Minti biyu tana juyi, ya ce, "Ai tana aiki." A minti na biyar ya duba agogo.

"Yaushe za ta gama?"

"Ba za ta gama ba, Oga. Juyi kawai ta iya. Mai aikin ga ta can tana haɗa jaka."

Ya sosa ƙeya. Daga baya teburin firinta aka rasa wa wuri, mu duka muka koma.

Na zaci Anti za ta gode mini. Ta fito da kofinta ta ajiye, ta dube ni.

"Ƙanena, shekara goma sha ɗaya ban taɓa tsayar da mutum a gaban teburina ba alhali an gama takardarsa. Kai ka zo kana tsayar mini da su."

Da ƙyar muka daidaita a kan daƙiƙa huɗu. Har yau in da'irar ta fara juyi, sai in ji ta tana ce wa allon a hankali, "Yi haƙuri, taka ta fito tuntuni."