Ranar da Hadi ya yi wa surukinshi gyaran magana

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, ɗiyata Nafisa ce ke rubutawa ina faɗa. Labarin wanta Hadi ne. Ba shi ne ɗan fari ba, don haka ina iya kama sunanshi.

A nan Ƙofar Durbi na haife shi. Tun yana ƙarami ba ya magana. Idan baƙo ya yi sallama, sai ya shige bayan randa. A Islamiyya ya fi kowa hadda, amma in aka ce ya tashi ya karanta, sai gumi. Haka ya girma, ya gama makaranta, ya samu aiki a wani ofis can GRA. Shekara da shekaru yana kujera ɗaya, don ko an kira taro ba a jin bakinshi. Na yi addu'a har na gaji, astagfirullah, ba a gajiya da addu'a.

Sai wani abokin aikinshi ya ja shi kulob. Wai kulob na koyon magana, duk Asabar da yamma. Na ce ikon Allah, magana ma sai an koya? Ya ce, "Inna, mutum zai tashi ya yi jawabi, a tafa mashi. Sannan wani ya tashi ya faɗa mashi inda ya yi kyau da inda zai gyara."

Gaskiya abin ya yi mashi amfani. Ya daina sunkuyar da kai, har ƙarin girma aka yi mashi. Amma mu a gida mun sha wuya. Ya tsaya tsakar gida yana yi wa bishiyar darbejiya jawabi, yana wurga hannu kamar mai kora kaji. In ina magana ya kafe ni da ido. Na ce, "Kai, uwarka kake kallo haka?" Ya ce wai a kulob an ce kallon ido shi ne girmama mai magana.

Duk wannan na haƙura. Da bakin nan ya samo Rahinatu, ɗiyar Alhaji Sammani na Ƙofar Sauri, yarinya mai hankali. Manya sun shiga maganar, saura a sa rana. Sai ya tafi gaida Alhaji.

Ya dawo yana fara'a. Na ce ya aka yi?

Ya ce, "Inna, lafiya lau. Baba ya yi mani nasiha mai tsawo a kan haƙuri da riƙon amana. Da ya gama ya ce ko ina da abin cewa."

"To, ka ce ka gode, Allah ya ƙara girma."

"Na ce. Sannan na ce nasihar ta ratsa ni, musamman farkonta. Sai dai ya ɗan yawaita maimaici, kuma da ya taƙaita ƙarshen da ta fi zama a zuciya."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin miya. Na ce innalillahi. "A tsaye ka faɗa ko a tsugune?"

"A zaune, Inna. Ina kallonshi sosai."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce madalla, in gaida gida."

Wai shi a tunaninshi an rabu lafiya! Dattijo ya ce ko kana da abin cewa, ai ba tambaya ba ce. Wannan ko jariri ya sani.

Shiru daga Ƙofar Sauri. Rahinatu ta daina ɗaukar waya. Hadi ya daina cin abinci, darbejiya ma ta huta. Na aika baffanshi Malam Salihu ya je ban haƙuri. Alhaji ya ce shi ba da Malam Salihu ya yi ba, mai gyaran ya zo da kanshi.

Kafin Hadi ya fita na tsare shi a zaure. Na ce, "Takalmi a waje. Ka tsuguna. Idonka a kan tabarma. In ka wurga hannun nan ban yafe ba."

Malam Salihu ne ya raka shi, shi ya ba ni labari. Ya ce yaron ya tsuguna, ya gaida Alhaji, ya tambayi iyali, ya faɗi laifinshi da bakinshi tiryan-tiryan, ba in'ina, ba kare kai. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To malam mai gyara, wannan jawabin naka wa zai gyara shi?" Hadi ya ce, "Kai ne, Baba."

An sa rana, bayan Babbar Sallah. Amma Alhaji ya ce a faɗa wa ango, ranar ɗaurin aure wakili ne ke magana, shi ya zauna can baya. Na ce wallahi ko ƙofar masallacin ba sai ya matsa ba.